Zan iya ajiye tsohuwar motar soja a gidana a Amurka?

Tambaya: "Ina zaune da iyalina a jihar Ohayo, a gidan da na saya a wata unguwa ta bayan gari. Na ga ana gwanjon tsofaffin motocin soja, raina ya biya da wata M35A2 mai taya goma, kuɗinta bai fi na ƙaramar mota ta hannu ba. Gida nawa ne, motar ma in na biya tawa ce. Akwai wanda zai hana ni ajiye ta a farfajiyar gidana?"

Amsa: Akwai, Malam, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Hukumar garinku tana da ta cewa a kan abin da ke tsaye cikin filinka. Dokar titi tana da ta cewa in ka fito da motar bakin hanya. In kuma unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje, wadda a can ake kira HOA, ita ma tana da nata sharuɗɗan, kuma sau da yawa nata sun fi na hukuma tsauri. Na yi aiki a ofishin tsara gari na wani ƙaramin birni a Amurka, kuma abin da na lura shi ne masu irin wannan mota kan ɓata lokaci suna neman inda doka ta ambaci "motar soja". Da wuya ka same shi. Dokar ba ruwanta da koren fenti ko tauraron da ke jikin ƙofa. Da awo take kama mutum: nauyi, tsayi, tsawo, da yawan aksil, wato sandunan da tayoyi ke ɗaure a kansu.

Gwamnatin tarayya da ta sayar maka da motar ba ta da hannu a wannan magana. Ikon raba gari shiyya-shiyya, nan gidajen zama, nan kasuwa, nan masana'antu, na jihohi ne, su kuma sun sauke shi ga birane da gundumomi. Birnin Niyok ne ya fara yin cikakkiyar doka irin wannan a 1916, sannan a 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halaccinta a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler Realty. Euclid ɗin nan kuwa a jiharku yake, gefen Cleveland. Tun daga lokacin, hujjar "ai filina ne" ba ta cika yin nisa a kotu ba. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne babu amsa guda ta duk Amurka, babu ma ta duk Ohayo. Gida biyu suna iya fuskantar juna, titi ne kawai tsakaninsu, ɗaya yana cikin birni an hana shi, ɗayan yana ƙarƙashin gunduma ba mai ce masa kanzil. Kada kuma ka dogara da sunan garin da ke kan adireshinka na gidan waya, domin ba dole ba ne ya zama shi ne ke mulkin filinka. Duba takardar harajin gidan, ko taswirar filaye ta gundumarku, ka ga a hannun wa kake.

To, mu auna motar. M35A2, wadda sojoji ke wa laƙabi da "biyu da rabi", tana da aksil uku da taya goma. Ba kaya a kanta nauyinta wajen fam 13,000 ne, kusan tan 6 ke nan. Iyakar nauyin da aka yarje mata tare da kaya a kan kwalta, wanda ake rubutawa GVWR, wajen fam 23,000 ne. Faɗinta ƙafa 8, tsayinta ya haura ƙafa 9, tsawonta ƙafa 22 zuwa 23, gwargwadon ko tana da winci a gaba ko babu. Riƙe waɗannan lambobi, su ne za su yanke maka hukunci.

Yanzu ɗora su a kan dokokin da ake da su. Garuruwa da yawa sun ja layi a fam 10,000 na GVWR. A Kalifoniya, dokar motoci ta jiha ta ba garuruwa ikon hana motocin kasuwanci masu fam 10,000 ko fiye tsayawa a unguwannin zama. Gundumar Fairfax a Bajiniya ta bi abin dalla-dalla a dokarta ta titunan unguwa: tsawon da ya wuce ƙafa 21, tsayin da ya wuce ƙafa 8, nauyin fam 12,000 ko fiye, aksil uku ko fiye. Taka ta faɗa ta ko'ina. Wasu tsofaffin dokoki kuma ba sa maganar fam, sai su ce motar da ƙarfin ɗaukar kayanta ya wuce tan ɗaya. Wannan ba sai an kawo sikeli ba, farantin ƙarfen da ke manne a gaban direba ya riga ya faɗi tan biyu da rabi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kai motar ma'auni babu kaya, ya dawo da takarda yana murna. Galibi ba nauyin ranar ake tambaya ba, abin da masu ƙera ta suka rubuta ake dubawa.

Inda maganar ta fi daɗi, kuma inda ake cin shari'a ko a faɗi, shi ne yadda garinku ya fassara "motar kasuwanci". Yawancin dokokin ba su ce an hana manyan motoci kai tsaye ba, cewa suke an hana ajiye motar kasuwanci a shiyyar gidajen zama. Kai kuwa za ka ce ba kasuwanci kake yi da ita ba, sha'awa ce kawai, ka fita da ita ranar Asabar ko ranar faretin 4 ga Yuli, bikin 'yancin kan Amurka. Ko wannan hujja za ta tsaya, ya danganta da sashen fassarar kalmomi, wanda yawanci yana farkon kundin dokar ko ƙarshensa, kuma shi ne mutane ke tsallakewa.

Wasu garuruwa sun fassara ta da aikin da ake yi da ita: motar da ake neman kuɗi da ita, ko mai sunan kamfani a jiki, ko mai tsani da kayan aiki a sama. In haka naku yake, kana da ƙafar tsayawa sosai, domin motar da ba a taɓa ɗaukar kayan haya da ita ba ba ta shiga ciki ba, komai girmanta. Wasu sun fassara ta da rajista: duk motar da jiha ta ba lambar kasuwanci, ta kasuwanci ce. A nan tarkon shi ne a wasu jihohin babbar mota in ta wuce wani nauyi, rukunin kasuwanci ake jefa ta ko da mai ita bai taɓa karɓar ko sisi ba. Na uku, wanda ya fi yawa a sababbin dokoki, ya fassara ta da ƙira da girma: motar da aka ƙera domin ɗaukar kaya, ko wadda ta wuce nauyi kaza, "ko da me ake yi da ita". In ka ga irin wannan jimla, to magana ta ƙare, niyyarka ba ta cikin lissafi. Kula kuma da "da" da "ko". Dokar da ta ce "mai nauyi kaza da ake kasuwanci da ita" tana bukatar abu biyun su haɗu. Wadda ta ce "mai nauyi kaza ko wadda ake kasuwanci da ita" ɗaya ya ishe ta. Lauyoyi na cin abinci da wannan ɗan bambanci.

Masu sha'awar waɗannan motoci suna da wata dabara: a cire aksil ɗaya na baya, a yanke shasi, a ɗora gajeren bodi, sau da yawa na tirelar soja M105. Motar sai ta koma aksil biyu, ta gajarta. Wannan yana kuɓutar da ita daga sharaɗin tsawo da na aksil, amma tsayinta yana nan, nauyinta ma da wuya ya sauko ƙasa da fam 10,000. Wanda zai kashe kuɗi a kan wannan aiki ya fara tabbatar da wane sharaɗi ne ke damunsa. Manyan yayyenta kuwa, irin M923 mai tan biyar, sun haura fam 26,001, inda maganar lasin manyan motoci ke shigowa, ga birkin iska. Ita M35A2 a mafi yawan jihohi lasin ƙaramar mota ya isa, ban da irin Kalifoniya da ke neman babban lasin saboda aksil ukun nan. Amma kada a haɗa biyun. Izinin tuƙa mota daban, izinin ajiye ta daban. Mutane kan zo ofis da takardar rajista suna cewa ai jiha ta amince. Jiha ta amince ka hau titi, ba ta ce komai a kan inda motar za ta kwana ba.

Humvee kuwa, wato ƙaramar motar sojan Amurka mai taya huɗu, matsalarta ta wani gefe ce. Girmanta bai wuce na babbar a-kori-kura ba, GVWR na ainihin ƙirarta, M998, fam 7,700 ne, tana shiga ƙarƙashin kusan kowane layi. Sai dai lokacin da aka fara sayar wa farar hula da su a ƙarshen 2014, da sharaɗin ba na hawa titi ba ne aka fito da su, kuma jihohi sun sha bamban wajen ba su lamba. Motar da ba ta da lamba kuwa tana faɗawa cikin wata doka dabam, wadda kusan kowane gari yake da ita: haramcin ajiye mota marar rajista ko wadda ba ta tashi a inda ake ganinta. Wannan ya shafe ka kai ma. Motar gwanjo ba ta zuwa da takardar mallaka irin ta jiha, da fom ɗin SF-97, takardar shaidar da gwamnatin tarayya ke bayarwa in ta sayar da mota, ake zuwa a nemo ta, kuma abin kan ɗauki lokaci. Duk tsawon wannan jira, a idon doka, gawar mota ce ke tsaye a gidanka. Ƙara da cewa garuruwa da yawa sun hana ajiye kowace irin mota a kan ciyawar gaban gida, dole sai kan daɓe. Daɓen gidajen unguwa kuma inci huɗu aka saba zubawa, domin ƙananan motoci, tan 6 na iya tsattsaga shi.

Lambar tsofaffin motoci tana taimakawa, amma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba. Jihohi da yawa suna ba motar da ta kai shekara 25 lambar tarihi, Tekzas ma tana da rajista ta musamman domin tsofaffin motocin soja. Amfaninta shi ne tana ƙarfafa hujjarka cewa ba ta kasuwanci ba ce, a garin da ke fassara da aiki ko da rajista. A garin da ke fassara da awo, ba ta rage ko fam ɗaya. Kuma tana zuwa da takunkumi: fareti, baje koli, taron ƙungiya, zuwa wurin gyara. In niyyarka ɗauko itace ko tsakuwa da ita, wannan lamba ba taka ba ce.

Kana iya tunanin kotu za ta ga rashin hankalin hana mutum ajiye motarsa mai tsabta a gidansa. Dubi Coral Gables a Fulorida. Shekaru da yawa garin ya hana ko da a-kori-kura ta gida kwana a waje a unguwannin zama, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe, sai a cikin gareji. Wani mazaunin garin da aka ci tara saboda a-kori-kurarsa ƙirar Ford F-150 ya kai ƙara. Ya yi nasara a 2007, amma a 2010 cikakken zaman kotun ɗaukaka ƙara ya juya hukuncin, ya ce gari yana da ikon kare kyan ganin unguwanninsa. Ba kotu ce ta sassauta dokar ba, mutanen garin ne da kansu a ƙuri'ar 2012. In F-150 ta sha wannan wahala, ka ƙiyasta ta mai taya goma.

Sai ƙungiyar unguwa. Nata ba doka ba ce, yarjejeniya ce da ke manne da takardar filin, ka sa mata hannu ranar da ka sayi gidan ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Gari yana iya yarje maka ita ta hana, kuma hanin ya zauna. Houston ta jihar Tekzas ce babban misali: birni ne da ba shi da dokar raba shiyya, mutanensa sun ƙi ta a ƙuri'a har sau uku, na ƙarshe a 1993, amma sharuɗɗan takardun filaye suna aiki a can da ƙarfinsu. A 2017 fitaccen lauyan nan Tony Buzbee ya girke tankar yaƙi ƙirar Sherman ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu a ƙofar gidansa a unguwar River Oaks, ƙungiyar unguwar ta aika masa da takarda, aka yi ta cece-kuce a kafafen labarai, daga baya ya ɗauke ta. Shi lauya ne mai kuɗin jan magana. Kai da ni ba mu da wannan sarari.

Wasu jihohi sun fara rage wa ƙungiyoyin nan ƙarfi, amma a karanta da kyau. Fulorida ta yi doka a 2024 da ta hana su korar a-kori-kura da motocin aiki daga farfajiyar mai gida. Sai dai ta ware motar kasuwanci kamar yadda dokar jihar ta fassara ta, fassarar kuwa ta haɗa da mai fam 26,001 ko fiye, da mai aksil uku ko fiye komai nauyinta. Wato mai M35A2 da ya ji labarin dokar ya yi murna, da sauran rina a kaba.

Titi kuwa kada ka sa shi a lissafi. A can hukunci ya fi sauri, 'yan sanda ne da janwe, ba takardar gargaɗi ba. Garuruwa da yawa suna da iyakar awa 72 ga kowace mota a wuri ɗaya, birnin Niyok kuma ya hana motocin kasuwanci tsayawa a titunan unguwa daga 9 na dare zuwa 5 na asuba. Kuɗin janye mota irin wannan ba na ƙaramar mota ba ne.

Yadda abin ke faruwa a zahiri ya kamata ka sani. Jami'an da ke bin waɗannan dokoki, kamar duba-gari suke a wurinmu, ba su da yawa, kuma a mafi yawan garuruwa ba sa yawo suna neman laifi. Ƙorafi ne ke kawo su. Shi ya sa za ka ji wani ya ce shekara da shekaru tasa na tsaye ba wanda ya tanka. Gaskiya ya faɗa, amma wannan ba izini ba ne, maƙwabtansa ne ba su kira ba. Ranar da gidan kusa ya canza hannu, ko mai shi ya sa shi a kasuwa dillali ya ce motar nan tana karya farashi, ranar waya za ta yi ƙara a ofis. Abin da ke tunzura maƙwabta kuma sananne ne: tayar da injin dizal da asuba a bar shi yana ruri ana jiran iskar birki ta taru, baƙin hayaƙi, ɗigar mai, tare wa mai fitowa daga gareji ganin hanya, sai kuma mota ɗaya ta zama biyu, ga tirela, ga tarin tayoyi. A ganina rabin rigimar da ta iso teburinmu da an kashe ta da sallama a ƙofar maƙwabci kafin motar ta iso.

In an kira, jami'i zai zo ya ɗauki hoto, a aiko maka da takarda mai ɗauke da lambar sashen da ka saɓa da wa'adin gyarawa. Kada ka jefa ta a aljihun tebur. Lokacin ɗaukaka ƙara gajere ne, galibi kwana 30 ko ƙasa da haka, in ya wuce ya wuce ko da kai ne mai gaskiya. Tara kuma a wurare da yawa ta kullum ce. A Fulorida, alal misali, dokar jiha ta yarda a ci har dala 250 kowace rana a karon farko, dala 500 in an maimaita, kuma ana iya ɗora bashin a kan gidan, sai ka zo sayarwa ka tarar da shi.

Mafita akwai, sai dai ba duka ke da ƙwari ba. Wadda ta fi tabbas ita ce gini rufaffe, domin yawancin dokokin sun ce in motar tana cikin gareji ba ruwansu. Amma ƙofar garejin gida ƙafa 7 ce, taka tana bukatar 10 ko fiye, sabon gini kuma yana da nasa izinin, da iyakar tsayi, da tazarar da za a bari daga iyakar fili. Wasu garuruwa sun yarda da bayan gida ko gefensa in an kare da shinge, to amma shingen da aka saba yarda da shi ƙafa 6 ne, motar ta fi shi da ƙafa uku. Hayar wuri a filin ajiye manyan motoci da jiragen ruwa, ko wurin wani mai gona a shiyyar noma, ita ce hanyar da mafi yawan masu irin motar nan da ke zaune a unguwa suke ƙarewa a kai. Neman sassauci na musamman daga kwamitin ɗaukaka ƙara na gari kuwa, ban cika ba da shawararsa ba. Ana bayar da shi ne in matsalar daga yanayin filin ta taso, ba daga abin da mai filin ya jawo wa kansa ba, kuma za a aika wa duk maƙwabta takardar gayyata su zo su faɗi ra'ayinsu. Batun "na riga doka zuwa" yana aiki ne ga wanda motarsa ke wurin bisa halal kafin a kafa dokar, kai da ba ka saya ba tukuna bai shafe ka ba. Abin da ya fi wannan amfani, in kana da haƙuri, shi ne neman majalisar gari ta saka togaciya domin motocin tarihi. Ƙungiyar masu adana motocin soja ta MVPA, wadda aka kafa a 1976, tana da rassa a jihohi da yawa, kuma 'ya'yanta sun san wane gari ne ke da sauƙi a yankinku.

Wani abu a gefe, don na san tunanin mutanenmu: in a ranka akwai cewa in ajiya ta gagara sai ka tura ta gida, dakata. Wasu motocin gwanjon soja sai ka cike takardar bayanin wanda zai yi amfani da su kafin a sake maka, fitar da su daga Amurka kuma yana ƙarƙashin dokokin fitar da kayan soja. A Najeriya ma akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula tuƙa mota mai koren fentin soja.

Kafin ka taya, ga abin da zan yi in ni ne. Ka nemo kundin dokar garinku, yawanci yana intanet a shafin gari ko a Municode, shafin da ke tara dokokin garuruwa, ka karanta sashen fassara, da na ajiye motoci a shiyyar gidaje, da na motocin da ba sa tashi. Ka ciro takardun da aka ba ka ranar sayen gida ka duba sharuɗɗan unguwa. Sannan ka rubuta wa shugaban sashen tsara gari wasiƙa, ba waya ba: ga adireshina, ga ƙirar motar, ga GVWR, ga tsayi da tsawo da yawan aksil, ga irin lambar da zan yi mata, ga inda zan ajiye ta, ba kasuwanci zan yi da ita ba, shin ya halatta? Ka nemi amsa a rubuce da sunan jami'i da lambar sashen da ya dogara da shi. "Ba matsala" ta bakin wanda ya ɗaga waya ba ta kare kowa a gaban kwamiti. Kada kuma ka rage lambobin don amsa ta yi daɗi, domin takardar da aka samu da bayanin da ba daidai ba ba ta da amfani. Wasu garuruwa suna karɓar ɗan kuɗi kafin su ba da irin wannan wasiƙa, kuma takan ɗauki makonni, don haka ka aika tun kafin ranar gwanjo. In amsa ba ta iso ba har ranar ta zo, ka kama wurin haya ko na wata ɗaya ne, domin da zarar an sake maka motar akwai wa'adin ɗauke ta daga filinsu, in ya wuce kuɗin ajiya zai fara hawa kanka.